Akawal Ya Isa Gure

Roni, 9 ga Janairu, 1944

Zuwa ga taubashina Dunoma, soja,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Takardarka ta iso bayan ta sha hannu har ta yi laushi. Na hau na kai wa mahaifiyarka Ya Kura a Gwiwa, na karanta mata, ta ce in sake, na sake. Lafiyarta ƙalau, sai ƙafa da ke damunta in an yi sanyi. Innata Abu, gwaggonka, ta ce in tambaye ka ko ana ba ku tuwo a can.

Albishirinka. Ka san iyayen matarka Kaltume sun tafi da ita Gure, can ƙasar Faransi, goyon ciki. To fatake sun kawo labari ta sauka lafiya. Mace ce, an sa mata Batulu. Allah ya raya.

Bayan haka, maganar Akawal ce, dokinka da ka bar mini amana. Ka san sana'ata ta sayen fata, yau ina Amaryawa, gobe ina Yankwashi, kuma ka san ƙasarmu dutse ce da tsakuwa. Kofaton hannunsa na dama ya cinye, ya tsage, har ya fara ɗingishi. Da na ga ka rubuta cewa a inda kuke har dabbobi takalmi ake sa musu, sai na ce ai ga magani. Na kai shi wurin Sama'ilu baduku, ya auna, ya ɗinka masa huɗu da jar fata, har da ado. Da ka ga yadda Akawal ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi! Mutanen kasuwa suka bar ciniki suka biyo mu. Ba mu kai bakin gari ba biyu suka faɗi, sauran kuma suka goge masa fata. Yanzu yana turke, ni kuma ina yawo a ƙasa.

Ashe dai Babarbare ko ya ƙetare teku ba ya barin zuƙi. Ka faɗa mini gaskiya, wane irin takalmi kake nufi?

Naka,
Halliru

Daga inda ba a yarda mu faɗa ba, 20 ga Maris, 1944

Zuwa ga Halliru,

Gaisuwa da so da aminci. Ina lafiya. Ranar da na karanta labarin Batulu ban iya cin abinci ba don murna. Ka isar wa Ya Kura da Gwaggo Abu gaisuwata. Ka ce wa Gwaggo shinkafa ce safe da yamma, har na fara mafarkin miyar kuka.

Amma kai Bafillatanin nan, wa ya ce maka takalmin fata? Na karanta wa 'yan ɗakinmu, wani mutumin Babura har da faɗuwa ƙasa don dariya. Na ƙarfe nake nufi. Shi ne ma aikina yanzu. Alfadarai ke ɗaukar mana kaya a kan duwatsu, ni kuwa an haɗa ni da wani tsoho Ba'indiye mai gyaran ƙafarsu. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, sai dai in na yi kuskure ya doke mini hannu.

Ka je wurin Daudu maƙeri ka karanta masa wannan. Da farko a bar dokin ya huta, kofaton ya tofo. A riƙa shafa masa man kaɗanya, kada ya tsaya a cikin fitsari. Sa'an nan a ɗaga ƙafar, a ƙwaƙule datti, a fere abin da ya yi tsawo da wuƙa mai kaifi, a goge da magagari har ƙasan ya kwanta daidai. Tsokar nan ta tsakiya mai kama da kan mashi, kada a taɓa ta. Daudu ya lanƙwasa ƙarfe mai faɗin yatsa daidai da bakin kofaton, buɗe ta baya, ya huda ramukan ƙusa. Ƙarfen ake gyarawa ya bi kofato, kada ku yanke kofato don ya bi ƙarfe.

Abin da ya fi komai hatsari shi ne inda ƙusa za ta shiga. Ga zane na yi maka a ƙasan takardar nan, na ɗiga wuraren, bayanin kuma yana rubuce a bayan zanen. Kada ku buga ko ɗaya sai kun fahimce shi.

An ce za mu shiga daji, wataƙila ka daɗe ba ka ji ni ba. Kada hankalinku ya tashi.

Dunoma

Roni, 2 ga Yuli, 1944

Zuwa ga Dunoma,

Gaisuwa mai yawa. Duk muna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya kai gwiwa. Ya Kura ta sa an yi maka saukar Alƙur'ani.

Takardarka ta zo da taga a jikinta. Masu duba wasiƙun soja sun sa almakashi sun yanke zanen, ina jin sun ɗauka taswira ce, bayanin da ke baya kuma ya tafi tare da shi. Daudu ya ɗaga takardar ya leƙo ni ta ramin, ya ce, "To malam, karanta mini nan."

Mun rasa yadda abin yake. Sai ran nan muna Kazaure aka ce Joji, Baturen mulki, ya zo rangadi, dokinsa kuma da ƙarfe a ƙafa. Ba a bar mu mun matsa kusa ba. Amma da safe an kai shi shan ruwa bakin tabki, ya bar sawu a laka, raɗau, har da kawunan ƙusa. Daudu ya durƙusa ya yanko lakar da wuƙa, ya sa a ƙwarya, ya ɗauko ta a ka tun daga Kazaure har Roni. Duk wanda ya tambaye shi me ya sayo, sai ya ce sawun doki.

Ya ƙera takalman, kuma wallahi sun yi kyau. Ka ce kada mu buga sai mun fahimta, mu kuwa muka ga kamar mun fahimta. Ƙafa uku lafiya. A ta huɗu, wadda ta tsage ɗin, Daudu na buga ƙusa sai Akawal ya yi wata irin ƙara ya miƙe tsaye. Da aka zare ta, da jini a jikinta. Kwana biyu ƙafar ta ɗauki zafi, ba ya ko dafa ta. Muna jiƙa ta a ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, jiya ta fara fitar da mugunya. Yana cin harawa kaɗan-kaɗan.

Dunoma, ban ɓoye maka ba, ina tsoro. Ka sake rubuto bayanin nan da baki, ban da zane, kuma ka hanzarta.

Halliru

Roni, 6 ga Oktoba, 1944

Dunoma,

Ban san wa zai buɗe wannan takarda ba. An ce ka mutu.

Tun kafin azumi wani soja ya rubuto wa gidansu a Babura, a ciki ya ce, "Dunoma mai alfadarai ya faɗa kwazazzabo da dabbarsa, mun binne shi." Daga Babura magana ta zo Gwiwa. Na je da kaina na ga takardar, haka aka rubuta. Muka jira ko za ka ƙaryata, shiru. Dattawa suka ce jira ya isa. Aka yi addu'a, aka yi sadaka, aka ba fatake saƙo zuwa Gure. Kaltume ta shiga takaba. Ya Kura ba ta yi kuka a gaban mutane ba, amma ta daina fitowa tsakar gida.

Ni dai zuciyata ta ƙi. Kai ka ce za ka daɗe ba mu ji ka ba. Shi ya sa nake rubuta maka kamar kullum, in kana da rai ka karanta, in babu Allah ya jiƙanka.

Akawal ya warke. Da na rasa abin da zan yi da kaina, sai na koma maƙera. Wani doki ya mutu a Amaryawa, Daudu ya roƙi ƙafarsa, muka tsaga kofaton biyu muka duba. Ashe bangon waje kamar farce yake, ba rai a cikinsa, nama kuwa yana daga ciki, tsakaninsu akwai wani farin zare da ya kewaye. Muka yi ta buga ƙusa a mataccen kofaton nan har hannunmu ya gane hanya. Daudu ya ce ni ma sai na koya, don ba kullum zai bi ni ƙauye ba.

Makon jiya muka sa wa Akawal huɗu. Ko kunne bai kaɗa ba. Na hau shi zuwa Gwiwa ta kan duwatsu, ƙafarsa na ƙara kamar ana kiɗa. Ya Kura ta ji ƙarar ta leƙo, ta shafa wuyansa, ta koma ɗaki.

Halliru

Asibitin soja, ƙasar Indiya, 18 ga Disamba, 1944

Halliru, Halliru,

Ina da rai! Ka tashi yanzu ka je ka faɗa wa Ya Kura, sa'an nan ka dawo ka karanta sauran.

Takardunka biyu yau suka same ni tare. Wanda ya faɗa kwazazzabo Dunoma ne, amma na Nguru, Allah ya jiƙansa, aikinmu ɗaya da shi. Ni zazzaɓi ne ya kayar da ni a daji, aka yi ta wucewa da ni daga wannan asibiti zuwa wancan ban san inda kaina yake ba. Yanzu na miƙe, sai rama.

Maganar Kaltume ta hana ni zama. Na san surukina. Mutumin kirki ne, amma ba zai bar 'yarsa ta zauna ba aure bayan takaba ba. In aka ɗaura mata da wani, ina zan sa kaina? Kada ka ba fatake saƙo, su sai sun tsaya cin kowace kasuwa. Takarda kuma ban san ranar da za ta ƙetare iyaka ba. Ka je da kanka. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba.

Farin zaren da kuka gano, shi ne bayanin da aka yanke a takardata. Ƙusa ta shiga ta kansa, bakinta na kallon waje, ta ɓullo a jikin bango, a lanƙwasa. Ka gaishe mini da Daudu, ka ce tsohon Ba'indiyen nan da ya gan shi da ya ba shi hannu.

Ga bayanin hanya. A sake masa sababbin takalma kafin ka tashi, ka riƙe na ajiya da ƙusoshi da guduma. Duk inda ka sauka, kafin ka sha ruwa, ka ɗaga ƙafafunsa huɗu ka cire tsakuwa. Ka dafa kofato da tafin hannu, in ɗaya ya fi sauran zafi ka tsaya. In ka ji ƙarar takalmi ta sake, ya yi sako-sako ke nan, kada ka ce sai an kai gari. Ban da sukuwa. A gangare da wurin duwatsu ka sauka ka ja shi.

Allah ya kai ka a kan lokaci.

Dunoma

Roni, 25 ga Maris, 1945

Zuwa ga taubashina Dunoma, mai rai,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi maka ba. Kowa lafiya. Zauna ka karanta a hankali, kada ka tsallaka zuwa ƙarshe.

Takardarka ta iso ana shirin Mauludi. Na je Gwiwa kamar yadda ka ce. Ya Kura na jin "yana da rai" ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙa dariya hawaye na zuba. Da ta natsa sai ta ce, "Halliru, ka makara ko?" Ashe a makon nan surukinka ya aiko mata da goro, cewa takaba ta ƙare, kuma Juma'ar da ke bayan Mauludi za a ɗaura wa Kaltume aure da wani Madu, mai fataucin dabino, ya tafi da ita gabas.

Ban koma gida ba, wurin alƙali na wuce. Ya duba ranar da ka rubuta takardar da hatimin asibiti, ya rubuta mini shaida da Larabci, don a Gure ba mai karanta bokonmu. Daudu ya bar garmar mutane a wuta ya ƙera wa Akawal sababbin takalma, da biyu na ajiya. Da zan hau ya riƙe linzamin ya ce, "In ka huda masa nama, kada ka dawo ta ƙofar maƙerata."

Na bi ta Kazaure na kwana Babura. A iyaka masu gadi suka kewaye Akawal suna kallon ƙafarsa, ɗaya har ya ƙwanƙwasa da sanda, suka yi dariya suka buɗe mini hanya. Daga nan Magarya. Duk zangon da na sauka na yi yadda ka ce, shi ne farko, ni ne baya. Da rana in ta take mu laɓe a inuwa, in jiƙa masa dusa da kanwa.

Kusa da Mirriya ƙasa ta koma duwatsu, har ta fi tamu. Ina jan sa a wani gangare sai na ji ƙarar ƙafa ɗaya ta sake, kamar ana kaɗa cokali a kwano. Na duba, hannun daman nan ne dai. Takalmin ya karkace, ƙusa biyu sun fita, gefen kofaton ya ɗan ɓantare. Na zare sauran, na naɗe ƙafar da rawanina, muka taka a hankali har wani ƙauye.

Maƙerin garin ya ce shi bai taɓa ganin wannan abu ba, kuma ba zai sa hannu a dokin baƙo ba. Na ce, "Baba, wuta kawai za ka ba ni, ka riƙe mini ƙafa." Na goge wurin da ya ɓantare, na gwada na ajiya, ya yi faɗi. Tsohon ya karɓa ya sa a wuta, ya matse shi a kan uwar maƙera, muka gwada, ya sake matsewa, sai ga shi ya zauna. Na ɗauki ƙusar farko. Na nemi farin zaren, na yi bismilla, na buga. Akawal ya juyo ya shinshina ƙeyata kawai. Da na lanƙwasa ta ƙarshe, tsohon ya saki ƙafar ya ce, "Yaro, bar mini tsohon ƙarfen nan in riƙa kallo." Na bar masa.

Wannan ya ci mini yini guda. Bayan Gidimuni kuma sai rairayi, ƙafa na nutsewa. Na ga ya fara gajiya, na sauka, mafi yawan sauran hanyar a ƙasa na yi ta, har tafin ƙafata ya yi bororo. Shi kuwa kofatonsa sanyi ƙalau.

Ranar Alhamis da hantsi muka shiga Gure. A ƙofar gidan surukinka na tarar an girke tukwane, mata na daka. Yana zaure da baƙi. Na yi sallama, ban ko zauna ba na ce, "Baba, Dunoma yana da rai." Ya ce, "Kai wane ne?" Na faɗa masa, na miƙa shaidar. Aka kira liman ya karanta a fili. Wani dogon mutum a gefe ya sunkuyar da kai, ashe shi ne Madu. Can ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi da ya zo yau, bai zo jibi ba." Ya tashi ya ba ni hannu. Mutumin kirki ne, Dunoma, har buhun dabino ya ba ni in kai wa Ya Kura.

Daga cikin gida kuwa sai muka ji guɗa ta tashi. Abincin da aka dafa don biki, shi aka ci don murnarka. Rabin garin suka zo kallon dokin da ya zo daga Roni da ƙafar ƙarfe.

Da Akawal ya huta muka juyo tare da ayari, Kaltume a kansa da Batulu a gaba, ni ina riƙe da linzami. Yarinyar tana tafiya, kuma goshinka ne sak, Allah ya ba ta haƙuri. Ranar da muka shiga Gwiwa, Ya Kura da ke kukan ƙafa ita ta riga kowa isowa bakin gari. Yanzu masu dawaki daga Kazaure har Babura suna layi a maƙerar Daudu, shi kuma ya ce ba ya bugawa sai ina wurin.

Na ce wa Kaltume zan rubuta maka, ko tana da saƙo. Ta ja mayafi. Sa'an nan ta ce, "Ka ce masa na yi masa takaba sau ɗaya yana da rai. Ta ishe ni. Ya kula da kansa, ya dawo gida."

Na rubuta yadda ta faɗa.

Naka,
Halliru